Turancin da Na Kai Indiya

A filin jirgin Addis Ababa na fara gane cewa Turancina ba zai kai mu inda za mu ba. Wata ma'aikaciya ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi wani abu da sauri, mutane suka miƙe suka bi ta hagu. Yaya Modu, wanda nake turawa a keken marasa lafiya, ya ɗago kai ya tambaye ni me ta ce. Ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na ce masa ta ce mu bi mutane. Muka bi su, Allah ya sa hanyar ce. Ya dafa hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Bature." Na ji daɗi har cikin raina, kuma daga wannan jin daɗin laifina ya fara.

Sunana Bukar. Yaya Modu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni a Yerwa, cikin Maiduguri, tun bayan rasuwar mahaifinmu. Huluna yake sayarwa a Kasuwar Monde. Bai taɓa shiga makarantar boko ba, amma yana jin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, har da ɗan Fillanci, duk a bakin rumfa ya koye su. Ni kuma na taɓa sakandare, na fito ba wani sakamakon kirki, na kafa tebur ina sayar da caja da murfin waya. Ma'aikatan agaji da ke zaune a GRA sukan tsaya wurina. Daga bakinsu, da kallon ƙwallo, da 'yan bidiyoyin koyon Turanci na waya, na tara abin da na tara. Idan ina ciniki da baƙo, maƙwabta sukan bar abin da suke yi su saurara. Su suka sa mini suna Bature.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, Turancin teburina hanya ɗaya yake bi kullum. Nawa ne, rage mini, mai kyau ne ko jabu. Kafin mutum ya gama tambaya na san amsarta. Idan kuma ya kauce ya shiga wata hira, sai in yi dariya in ce "no problem", shi ma ya yi dariya ya tafi. Ba wanda ya taɓa mutuwa saboda caja.

Da ƙodojin Yaya suka gaza aka fara yi masa wankin ƙoda, likitoci suka ce dashe ne mafita. Aka gwada ni, tawa ta dace da jikinsa. Ban yi jinkiri ba, wannan kam Allah shaida ne. Da aka zauna maganar wanda zai yi mana tafinta a Indiya, matarsa Ya Falmata ta ce ina amfanin ɗaukar mutum na uku alhali ga Bature. Kowa ya ce haka ne. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya.

Mun sauka Delhi da hantsi. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa mu da shi ta waya, mai kiran kansa Alhaji, ya yi alkawarin tarbar mu. Bai zo ba. Ya turo mana sunan unguwa kawai, daga nan wayarsa ta daina shiga. Mai tasin da ya ɗauke mu ya yi ta zagaye da mu, na ga wata gada har sau biyu. Yaya ya ce da ni cikin Barbarci, in gaya wa mutumin nan mu ma 'yan kasuwa ne. Na buɗe baki, sai na rasa ta inda zan fara faɗa da Turanci. Na ɗan yi gunaguni, direban ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Na ce wa Yaya cunkoso yake kauce wa.

Masaukin da muka samu wani dogon gida ne kusa da asibitin, cike da marasa lafiya daga ƙasashe da masu jinyarsu. Ɗaki ɗaya, gadaje biyu, tagar tana kallon bangon wani gidan. Kicin ɗaya ne a kowane hawa. Abincinsu ya ƙi Yaya tun ranar farko, komai yaji da wani ƙamshi da ba mu saba ba. Yakan buɗe jakarsa ya ɗauko rigar da Ya Falmata ta turara masa, ya sa a fuska yana shaƙar ƙamshinta. Ni ma kewa ta kama ni, har ƙarar keke napep da ihun 'yan dako na bakin kasuwa na riƙa tunawa kamar wani abin daɗi.

A wannan kicin na haɗu da Mama Agnes, wata dattijuwa 'yar Uganda, tsohuwar malamar firamare da ke jinyar mijinta. Ita ta fara gyara mini harshe. Mun je kantin da ke ƙasan gidan tare, na ce wa mai kantin "give me egg", ya ba ni yana ɗaure fuska. A hanya ta ce mini wannan umarni ne, kamar ina magana da yaron gidana. Ta koya mini in fara da "please" in kuma tambaya ko zan iya samu. Ta ce kada in ɗora wa kaina manyan kalmomi, in fara da abin da hannuna ke taɓawa kullum: tukunya, cokali, famfo, bargo, magani kafin abinci, magani bayan abinci. Duk abin da na ɗauka a kicin sai ta sa na faɗi sunansa kafin ta bar ni in yi amfani da shi. Turancinta a hankali yake, ina jin fiye da rabi.

Wata rana tana yanka albasa ta ce da ni, ɗana, "e" ɗinka yana da sauri. Ta ce ta yi shekaru tana koyarwa, ta san yaron da ya gane da wanda yake so a ƙyale shi. Ta ce a asibiti abu uku za su cece ni: in ce a maimaita a hankali, in ce a nuna mini, sannan in mayar wa likita abin da ya faɗa da bakina domin ya ji ko daidai na ɗauka. Ta sa na maimaita "please say it again slowly" har ta gamsu. Na yi godiya, na hau sama ina cewa a raina wannan na 'yan koyo ne.

Yaya kuwa ba ruwansa. Duk wanda ya gani sai ya nuna abu ya tambayi sunansa. Cikin 'yan kwanaki ya riƙe "water" da "pain" da "cold", ya kuma riƙe "slowly", wadda yake jefa wa masu tura shi idan sun cika sauri. Yakan faɗe su a karkace, nas-nas su yi dariya, shi ma ya taya su. Ni abin ya riƙa ba ni kunya. Na ce masa ya bar mini maganar, kada su raina mu. Ya ce, "To, Bature, bakinka ne bakina." Daga ranar ya rage tambaya.

Ranar da muka yi rajista a asibitin, matar da ke kan tebur ta ga hularsa da carbinsa, ta tambaya ko yana jin Larabci, don suna da tafinta saboda Larabawa da 'yan Sudan da ke zuwa. Wannan kam na ji ta sarai. Na san Yaya zai iya hira da kowane ɗan Sudan daga safe har azahar. Amma sai na tuna teburina, na tuna Ya Falmata tana cewa ga Bature. Idan aka kawo tafinta, me zan ce na zo yi da bakina? Na ce mata ba ma bukata, ina jin Turanci. Yaya ya tambayi me ta ce, na ce adireshi take tambaya.

Gwaje-gwaje suka yi ta tafiya daidai, nawa da nasa. A wurin ɗibar jini da hoto ba a bukatar magana, ka miƙa hannu ne ko ka kwanta. Aka sa mana ranar aiki, saura mako biyu. Muka kira gida, na ji guɗar mata ta waya.

Sai aka tura mu wurin likitar abinci, wata matashiya mai gilashi. Kafin mu shiga Yaya ya riƙe rigata. Ya ce a Maiduguri Falmata ce take shiga wurin likita, ita take dafa masa, shi dai ci yake yi. Ya tuna an ce mata akwai 'ya'yan itacen da ba zai ci ba, amma bai riƙe ko waɗanne ba ne. Ya ce in tambaya da kyau, don abincin garin nan ya gagare shi, da kayan marmari yake so ya riƙa rage yunwa.

Matar ta fara magana, kamar an kunna injin markaɗe. Na ji sunan gishiri, na ji ruwa. Na ji ayaba da dabino da ruwan kwakwa da lemo sun wuce, amma ban san a wane ɓangare suke ba, na ci ko na bari. Kalmomin Mama Agnes suna kan harshena. Na kalli Yaya, yana kallona da irin kallon da yake mini a kasuwa idan ina ciniki da baƙo. Matar ta tsaya ta tambaya ko na gane. Na ce "yes". Ta tambaya ko akwai tambaya. Na ce "no problem".

A waje ya ce, "Me ta ce kan kayan marmarin?"

Na ce, "Ta ce ka rage gishiri da ruwa. Kayan marmari kuwa kaɗan-kaɗan ba laifi."

Ba don in cutar da shi na faɗa ba, amma na san ban sani ba. Na lallashi kaina da cewa a wurinmu duk wanda zai je dubiya ayaba da lemo da kankana yake riƙewa. Tun ina yaro ban taɓa ganin gadon asibitin da babu leda a ƙarƙashinsa ba. Abin da ake kai wa majinyaci ya za a yi ya zama guba? Na ce gobe zan koma in tambaya ni kaɗai. Goben ta zo, na ce jibi.

Na shiga yi masa hidima da ƙarfina. Akwai mai kura a bakin layinmu da ke fasa ɗanyar kwakwa ya sa tsinke, kullum sai na sayo masa. Na samo dabino mai laushi a kantin wani Musulmi kusa da masallaci. Ayaba kuwa ba ta yankewa a ɗakin. Yaya ya sami abin da yake iya ci, fuskarsa ta saki, ya ce ruwan kwakwar nan ya fi shayin Malam Goni na bakin rumfarsu. Mama Agnes ta gan ni da ledar a matakala, ta tsaya ta tambaya ko likita ta yarda, don mijinta ciwon hanta yake yi, ba ta san dokar masu ƙoda ba. Na ce ta yarda. Ta dube ni ta ɗan jima, ta wuce.

A ƙarshen mako ba a yi masa wanki, sai Litinin. Ran Lahadi da hantsi ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi. Bayan azahar ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, ya zame jikin bango ya zauna. Ya ce ƙirjinsa yana wani irin tsalle. Na fita da gudu ina buga ƙofar Mama Agnes. Ita ta kira mota, ita ta yi magana a ƙofar asibiti, ni ina biye da takalmansa a hannu. Muna shiga zuciyarsa ta tsaya. Na ga sun yage rigar da Ya Falmata ta turara, suna danna ƙirjinsa, sannan aka ja labule.

Allah ya dawo da shi. Da yamma wani babban likita ya fito ya tambayi abin da yake ci. Na lissafa masa. Da na kai kan ruwan kwakwa ya cire gilashinsa. Ya yi magana, na ɗauki kaɗan, Mama Agnes ta sake faɗa mini a hankali. Akwai wani sinadari da ke cikin ayaba da dabino da ruwan kwakwa. Mai lafiya ƙodarsa tana fitar da shi, wanda tasa ta mutu kuwa taruwa yake yi a jini har ya tsayar da zuciya. Waɗannan su ne ainihin abin da likitar abinci ta ce kada ya kusanta. Likitan ya tambaya ko ba a gaya mana ba. A nan ne, a tsaye a barandar asibiti, na fara faɗar abin da ya kamata in faɗa tun a Addis. Na ce an gaya mini, ban gane ba, na ce na gane.

Mama Agnes ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo mini shayi da burodi, ta zauna kusa da ni har aka kira magariba, ta nuna mini inda zan yi salla.

Da Yaya ya farfaɗo sosai, asibitin suka kawo tafintan nan da na ƙi, wani dattijo da ya yi karatu a Sudan. Ina tsaye a ƙarshen gado suka fara magana. Cikin ɗan lokaci Yaya ya saki jiki, yana tambaya ana ba shi amsa, ya sa a maimaita masa, ya ƙirga da yatsunsa abin da zai ci da wanda zai bari. A bakin dattijon ya ji cewa tun ranar farko aka yi mana tayin tafinta. A bakinsa kuma ya ji hukuncin likitoci: zuciyarsa ta ji rauni, ba za ta ɗauki aikin dashe yanzu ba. Mu koma gida ya ci gaba da wanki da magani, idan ta murmure a sake dubawa. Ba su ce za ta murmure ba.

Da suka fita muka rage mu biyu. Na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa komai, daga ma'aikaciyar Addis har likitar abinci. Ya zuba wa silin ido. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni kamar lokacin da nake yaro.

Can ya ce, "Bukar." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Ƙodarka ka yarda a yanka a ba ni. Amma ka ce ba ka gane ba, shi ne ya fi ƙarfinka?"



Ya ce, "Ni na san ban iya ba. Da ni kaɗai na zo, da na tambaya."

Bai ƙara komai ba sai da muka zo haɗa kaya. A ranar ya ce ya yafe mini, amma kada in gaya wa Falmata, don ita ce ta ce a tafi da ni, ba ya so ta ɗora wa kanta. Za mu ce zuciyarsa ce ta ba da matsala, kuma ba ƙarya ba ne. Mama Agnes ta rako mu har bakin mota. Ta riƙe hannun Yaya, ya ce mata "thank you, slowly, slowly", suka yi dariya su biyu. Ban san abin da ya sami mijinta ba, lambar da ta ba ni ta daina shiga bayan 'yan watanni.

A hanyar dawowa, a Addis ɗin nan dai, na tsayar da wani ma'aikaci na ce ya maimaita mini a hankali. Ya maimaita, ya nuna mini ƙofar da hannu, ya wuce abinsa. Ko kallon banza bai yi mini ba. Na tsaya riƙe da keken Yaya. Abin da na yi ta gudu ke nan, bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba.

Mun iso Maiduguri aka cika gidan da 'yan sannu da zuwa, kusan kowa da ledarsa ta ayaba da lemo. Ni na riƙa karɓa a ƙofa ina raba wa yaran maƙwabta. Ya Falmata ta riƙa gaya wa mata cewa Bature ya yi ƙoƙari, ba don shi ba da gawa za a kawo. Ta ajiye mini tuwo da miyar kuka da bandar kifin Baga. Na ci ina jin kamar yashi nake haɗiya. Na riƙe alkawarin Yaya har zuwa azumin da ya wuce, na ga ba zan iya ci gaba da karɓar godiyarta ba. Na roƙe shi ya sake ni, ya ce in je. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki. Yanzu tana amsa gaisuwata, tana kuma zuba mini abinci, amma ba ta ƙara kirana Bature ba. Da izininsu su biyu nake rubuta wannan.

A kasuwa sunan bai mutu ba. Wani lokaci masu shirin tafiya jinya ko karatu sukan zo teburina su ce in koya musu 'yan kalmomi. Ina koya musu abin da Mama Agnes ta koya mini: sunayen abin da hannu ke taɓawa, da yadda ake roƙo ba umarni ba. Amma ba na barin mutum ya tashi sai ya kalli idona ya ce "I don't understand" da ƙarfi, yadda maƙwabcin teburi zai ji. Da yawa sukan yi dariya su ce wannan ai mai sauƙi ne. Nakan ce su faɗa dai.

Yaya ya bar rumfar hula a hannun abokin cinikinsa. Ni nake kai shi wankin ƙoda a keke napep, in zauna a benci har a gama. A zuwanmu na baya likitan zuciya ya duba hotonsa, ya juyo wurina ya yi bayani da Turanci, don ya ga ina riƙe da katin. Yaya ya juyo ya zuba mini ido. Na ce likita ya yi haƙuri, ban gane ba, ya faɗa da Hausa. Ya faɗa. Na mayar masa da bakina, ya ce haka ne: zuciyar ta ɗan yi ƙarfi, amma ba ta kai ba tukuna, mu dawo bayan salla.

A keke muna komawa Yerwa, Yaya ya miƙo hannu ya dafa gefen cikina, daidai inda aka yi niyyar yankawa. Ya ce in riƙa shan ruwa da yawa, in bar shan maganin ciwon jiki barkatai.

"Ajiyata ce a nan," in ji shi. "Ka kula mini da ita."